Kwana Uku

Ina tsaye a layin fiɗar kifi, hannu cikin safar roba,
sanyin Grimsby ya cinye yatsuna har ba na jin wuƙa,
sai waya ta hau rawa a aljihu.
Muryar Mista Holroyd ce, sannu-sannu kamar mai taka ƙwai:
"Ki zo ki ɗauki Corey. Mun dakatar da shi kwana uku."

Na bar kifin da rabin ƙayarsa.

Wasiƙa ta biyo mu, shafi biyu da sa hannu.
Ta ce ya yi jifa da kujera a ajin lissafi.
Gaskiya ne, ya yi.
Ba ta ce wani yaro ya shafe wata biyu
yana toshe hanci duk sanda Corey ya gitta ba,
yana cewa ɗan mai ƙarni ya iso.
Ruwa ba ya tsami banza.
Kujerar tasa ce, ƙarnin nawa ne.

Sau huɗu na karanta, ga abin da na tsinta:
wannan ba kora ba ce,
sunansa na nan a rajista,
ƙugiyar da yake rataye riga tana jiransa.
Shugaban makaranta kaɗai ke da ikon yanke haka.
Amma daga ƙarfe tara har a tashi,
kada a gan shi a titi, ko shago, ko bakin teku.
In an gan shi bayan tara,
tara ce a wuyana.

To, wa zai zauna da shi?
Noreen ta gidan kusa ta ɗauki Laraba.
Alhamis na zauna, albashin ranar ya bi ruwa.
Juma'a na bar shi da makulli da alkawari,
ina fiɗar kifi, ina leƙen agogo.

Sun aiko aiki a ambulan, za su duba in ya koma.
Yana lissafinsa a teburin kicin, ni ina nawa:
in kwanakin suka haura biyar,
daga na shida sai an samo masa wurin karatu.
Arba'in da biyar ne iyakarsu a shekara.
An ci uku.
Na rubuta saura a bayan takardar wuta,
sai kunya ta kama ni, na goge.

Wasiƙar ta ce ina iya kai kuka ga kwamitin makaranta.
Kwana ukun ba za su dawo ba, na sani,
amma dole su karanta.
Na rubuta da biro mai yankewa.
Ban wanke shi ba, ban kuma yar da shi ba,
hannunka ba ya ruɓewa ka yanke.
Na ce ya yi jifa.
Na ce ku tambayi dalili.

Daren Lahadi ina goga lemon tsami a tafin hannu,
ina gogawa har fata ta yi ja.
Ya tsaya a ƙofa, dogo, duk gwiwa da shiru.
Ya ce, "Mama, daina.
Ni ban taɓa jin wari ba."

Litinin, takwas da rabi, ofis mai ƙamshin kofi.
Kujeru uku, duk ƙafafunsu a ƙasa.
Mista Holroyd ya ce a buɗe sabon shafi.
Na ce a buɗe, amma a karanta tsohon tukuna.
Ya ɗauki biro. Ya tambayi sunan yaron.
Corey ya faɗa, idonsa a kan takalmi.

An buga ƙararrawa.
Ya saɓa jaka, bai waiwayo ba.
Na tsaya har ƙofar ta rufe,
sannan na ruga, kar motar tara da kwata ta bar ni.