Ƙugiyar Tifa a Gadarif

Hantsi bai gama ɗagawa ba
sai ga Mahjub da tifarsa mai tari,
makulli na rawa a yatsansa.
"Usta, ɗana mini ƙugiya a baya.
Riɗi ya nuna a Doka, masu yanka na jin ƙishirwa,
tankin ruwa zan ja musu. Kafin azahar."

Usta Ilyasu bai ajiye finjalin gahawarsa ba.
Ya zagaya motar kamar mai taya raƙumi,
ya ƙwanƙwasa ƙarfen wutsiya da bayan sufana,
ya kasa kunne.
"Gwangwani ne. Fenti ya rufa masa asiri.
Ba a rataya tulu a reshen zogale."

Ni ne yaron gareji, shekarata biyu ina miƙa noti.
Ni na sa waigi gaba da bayan taya,
na karɓe makulli, na jefa a aljihun Usta.
Bodi na sama, ya wangame baki kamar dorina,
na sunkuya zan shiga
sai na ji hannu a wuyan rigata.
"Tokare tukuna. Mai ne ke riƙe da shi,
mai kuwa bai yi wa kowa alkawari ba."
Muka kafa gungumen ƙarfe biyu
sannan ya sake ni.

Can ciki, inda shasi ya yi kaurin cinyar bijimi,
ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari,
ya bi shi da yatsa yana neman tsaga.
Ya auna tsayin harshen tirela daga ƙasa,
ya ja layi da alli, ya goge da yawu, ya sake ja.
Leɓen shasi bai huda ba, bai nuna masa wuta ba.
A gefe ya yi ramuka takwas,
faranti mai kauri ya zauna daram,
noti takwas, kowanne da washarsa,
ana ɗaure su a gicciye, ɗaya nan, ɗaya can,
kada wani ya ɗauki kayan ɗan'uwansa.

Azahar ta zo ta wuce.
Mahjub ya ja tsaki: "A Wad Madani
ɗigon walda huɗu ne, rabin awa an gama!"
Usta ya ɗago, gumi na bin gemunsa.
"Na san ɗigo huɗun nan. Na taɓa yin su.
Shekara ashirin da shida ke nan, hanyar Hawata.
Tirela ta rabu da uwarta a gangare,
ta tafi ita kaɗai, ba direba, ba birki.
Akwai amalanke a gaba,
da yaro a kai yana ɓare gyaɗa."
Nan ya tsaya.
Injin wani gareji na ta kuka daga nesa.
Mahjub ya duƙa ya riƙe mana fitila.

Aka cire tokara, bodi ya sauka, aka sake ɗaga shi,
sau uku, Usta na leƙen tazara
kada ƙofar baya ta sari ƙugiya ranar juye tsakuwa.
Zobe ya faɗa, muƙamuƙi ya rufe, fil ya shiga,
ƙaramin fil ya kulle babba.
Sarƙa biyu muka gitta ƙarƙashin harshe
kamar hannun ungozoma mai jiran abin da zai faɗo.
Tiyon iska, wayar fitila.
"Taka birki!" Ja ya kama.
"Hagu!" Ya ƙifta. "Dama!" Shiru.
Muka kwance, muka sake.

La'asar sakaliya suka tashi.
"In ka kai Doka ka bi notin nan da sufana,
sabon ƙarfe yakan saki jiki."
Mahjub ya ɗaga hannu, tanki na binsa a hankali.

Gahawa ta huce, ƙuda ya faɗa ciki.
Usta na tsaye bakin kwalta
har jajayen fitilu suka sha kwana.
Leɓensa na motsi.
Ban sani ba ko addu'a yake,
ko notin yake sake ƙirgawa.