Ja Kawai

Mun bar motoci inda kwalta ta ƙare,
a gindin duwatsun Idaho, gari bai gama wayewa ba.
Mu bakwai, alfadarai biyar,
sai Maite Uberuaga mai riƙon ragama,
'yar saba'in da ɗaya,
wadda ba ta amsa gaisuwa sai ta gama ɗaurin kaya.

Babu mai biyanmu ko sisi.
Lowell likitan haƙori ne da ya ajiye aiki,
Tamsin direbar motar 'yan makaranta,
ni kuwa shekara talatin ina ƙirga kuɗin wasu,
ban taɓa ɗaga abin da ya fi biro nauyi ba.

A wannan daji ba a shiga da inji.
Duk abin da gada za ta ci
sai ya hau gadon bayan dabba:
katako bibbiyu, ƙusoshi cikin mangala,
diga, gatari, wake, garin gahawa.
Maite ta jinjina hagu, ta jinjina dama,
ta jefa ɗan dutse a ɓarin da ya yi shafal.
"Ba nauyi ke karya dabba ba," in ji ta,
"karkata ce."

Hunturu ya kayar da itacen al'ul arba'in da uku
a kan turba. Mun ƙirga, don mu muka yanke su.
Zarton ya fi ni tsawo, hannu biyu gare shi,
Lowell a can, ni a nan.
Na danna da ƙarfin tsiya, ya lanƙwashe ya cije.
Tsohuwar ko waigowa ba ta yi ba:
"Ja kawai. Kada ka tura.
In ka ja naka, sakar masa nasa."
Kafin la'asar tafina duk bororo,
amma zarto ya soma numfashi kamar mai barci.

Rana ta uku muka iso kwazazzabo.
Ruwan ƙanƙara na ruri a ƙasa, fari fat,
gada kuma ga ta nan, a ido lafiya lau.
Opal, alfadarar gaba, ta kafe.
Kunnuwa a miƙe, kofato ɗaya a sama,
lallashi bai yi ba, tsawa ba ta yi ba.
Tamsin ta durƙusa ta soka wuƙa a ginshiƙi,
wuƙa ta nutse kamar cikin dafaffiyar kabewa.
Abin da kofato ya jiyo,
mu masu takardu ko da tabarau ba mu gano ba.

Da muka ɓamɓare katakon sama
sai ga haruffa biyu an sassaƙa a ƙarƙashi, J da U,
gansakuka ta cike su.
Kowa ya yi shiru. Mun san sunan mijinta Joseba,
mun san shekara tara ke nan da aka binne shi.
Na ce ko a bar wannan ginshiƙin.
Ta dube ni kamar na yi saɓo,
ta tofa yawu a tafi, ta ɗauki gatari,
sara na farko nata ne.

Kwana huɗu muna fafatawa.
Ruwan sama ya jiƙa burodi,
guduma ta faɗa rafi, Lowell ya bi ta har ƙugu,
ya fito haƙoransa na kaɗawa,
muka ce likita, warkar da kanka.

Ranar da muka buga ƙusar ƙarshe
ba a yanka zare ba, ba a yi jawabi ba.
Maite ta saki ragama kurum.
Opal ta sansana katako, ta huro iska,
ta taka, ƙwas, ƙwas, ƙwas,
ta haye tana neman ciyawa
kamar gadar nan tun fil azal take.

Wanda zai bi ta nan baɗi
ba zai san sunan kowa ba.
Zai tsaya tsakiya ya ɗauki hoton ruwa, ya wuce.

Da za mu sauko na taya ta ɗaure kaya.
Mangalar hagu ta yi shafal,
na sunkuya neman dutse.
Ta ce bar shi.
Ta zaro guntun ginshiƙi daga cikin rigarta,
mai haruffa biyu, gefensa duk ya ruɓe,
ta sa a ciki, ta jinjina hagu, ta jinjina dama.
Ya yi daidai.