Hanyar Bawku

Likita ta ce, "Baba, riƙe mini kalma uku:
lemo, kujera, sidi. An jima zan karɓa."
Ya ce to, ya gyara zaman hula.
Ta ba shi takarda ya zana agogo.
Ya zana da'ira, ya kama ta hannu biyu,
ya murza hagu kamar mai kauce wa rami.
Da ta dawo neman ajiyarta,
lemo ya gangare, kujera ta ɓace,
sidi ko ƙararsa ba a ji ba.
Ta yi rubutu. Ni na kalli farcen ƙafata.

Shekara talatin da ɗaya Baba Gariba
yana jan lodin goro daga Kumasi zuwa Bawku.
Sunana Lantana, a kunnena ya fara faɗa,
yau yana lalubensa
kamar makullin da ya kwana a aljihun wata riga.

Sati uku a gado na sha huɗu.
Ba mugunta suka yi masa ba,
su biyu ne a kan mutum arba'in.
Ƙunzugu ya fi rakiya bayi sauri.
Ya shiga yana alwala da kansa,
ya fito ana cicciɓarsa kamar buhun gawayi.

Yaya Dantani ya ce gidansa na Kwadaso ya fi.
Ɗaki mai tayil, famfo a ciki, ƙofar ƙarfe,
'yar aiki mai haƙuri da ba ta jin Hausa.
Magani kan lokaci, gaskiya ɗaya ce.
Sai dai ba ladan, ba mai sallama,
talabijin kaɗai ke hira da bango.
Ya daina tambayar yau wace rana.
Ya ga mutum a madubi, ya matsa masa ya wuce.
Wata biyu, magana ta ƙafe masa
kamar tanki a tsakiyar daji.

Na dawo da shi Aboabo, gidan haya,
ɗaki goma sha biyu, bayi ɗaya, layi tun asuba.
Aka ce na yi wauta. Mai yiwuwa.
Ran wata Talata ya fice ba takalmi,
mai wake da shinkafa ta tsinto shi
bakin kwata a Asawase, gwiwa na jini,
yana cigiyar motar da aka sayar
tun ina goyon fari.
Na yi kukana a gindin murhu,
na share, na ɗinka lambar wayata
a wuyan kowace rigarsa.

Amma ƙafarsa ta san dakalin nan.
Hannunsa ya san inda buta ke kwana.
Sumaila, tsohon karen motarsa,
shi ma kai ya yi fari, haƙora sun yi ƙaura,
yakan zo bayan la'asar
ya daki benci sau biyu: "Masta, an cika."
Sai Baba ya miƙe wuya.
"Offinso. Techiman, a sha ruwa.
Kintampo, a duba birki.
Buipe, gada ce, kowa ya yi bisimilla.
Tamale, Walewale, Bolga."
Ko gari ɗaya ba ya tsallakewa.

Yaran gida sun jeru a bayansa,
kuɗin motarsu marfin kwalba.
Yana karɓa, yana ƙirgawa, har da canji.
Likita, ina ma kin ga wannan lissafi,
ko da babu gurbinsa a takardarki.

Ban ce ya warke ba.
Dare yana da tsawo, wanki ba ya ƙarewa,
bayana ya fara irin ciwon nasa.

Jiya na kai masa lomar tuwo da ayoyo,
ya ture hannuna, ya sa nasa.
Ya daɗe yana dubana.
"Hajiya, ina za ki sauka?"
Na ce, "Inda ka tsaya, direba."
Ya ce, "To, dawo gaba.
Baya akwai jijjiga."