Awa ta Arba'in da Tara

Ni ce Despina, mai gidan burodi
a bakin titin da taragon Glenelg ke bi.
Shekara talatin ina riga rana tashi,
hannuna ya san nauyin ƙullu ba sai da sikeli ba,
amma bana aka ɗora mini awon da ban iya ba:
awon lokacin mutum.

Anjila daga Pokhara ta zo,
karatun jinya take yi.
Sharaɗin bizarta a fili yake:
awa arba'in da takwas cikin mako biyu
muddin makaranta na buɗe. Ko minti kada ya ɗara.
Na sayi littafi mai jan bango
na rataye shi kusa da tanda.
Kullum ta sa hannu, in sa hannu,
kamar masu bin juna bashi.

Ubana a jirgin ruwa ya iso ƙasar nan
da akwati ɗaya da wuƙar yankan burodi.
Ba wanda ya ƙirga masa awa,
gadon bayansa ne ya ƙirga har ya tanƙware.
Ban ce zamaninsa ya fi ba.
Na dai ce shi gajiya ke tsayar da shi,
ita kuwa takarda.

Na taɓa ganin lissafinta a bayan rasit:
kuɗin makaranta, hayar ɗakin da suke su huɗu,
inshorar lafiya, katin tarago,
can ƙasa kuma kalma ɗaya, Ama.
Na tambaya. Ta ce uwa ke nan a bakinsu,
gonarta aka jinginar kafin a ba ta izinin zuwa.

Ranar Alhamis, cikin sanyin Yuli,
awarta ta cika ƙarfe shida cif.
Ta wanke hannu, ta rataye rigar aiki,
sai santsin gari ya kwashe ni.
Na ji ƙuguna ya ce ƙas.
Burodi saba'in na cikin wuta.

Ta durƙusa, ta kama wuyan hannuna tana ƙirge,
ta ce kada in motsa, ta kira motar asibiti,
ta naɗe mayafinta ta tallafe mini kai.
Sannan ta dubi agogo.
Na ga ta duba.
Ta dubi tanda.
Ta ɗauki doguwar cebur ta katako
ta kwashe su tas, ko ɗaya bai ƙone ba.
An ce har direban tarago ya sami nasa biyu da ya saba
kafin ta ja ƙofa ƙarfe bakwai.

Yanzu ga ni kwance, an sa mini ƙarfe a ƙugu.
Ɗana Stavros ya kawo littafin,
ya ce, Mama, layin Alhamis fayau yake.
Tun hantsi biro ke hannuna.

In na rubuta bakwai na faɗi gaskiya,
ina kuma tsoron gaskiyar ta zame mata tikitin komawa.
In na rubuta shida na ci guminta,
na ce awar da ta tallafe kaina ba a yi ta ba.
Wanda ya tsara dokar ba mugu ba ne, na sani,
ya ga iyayen gida masu tatsar yara har asuba.
Sai dai bai taɓa faɗuwa cikin gari ba
da burodi saba'in a wuta.

Da yamma ta zo, littafin jarrabawa a hammata.
Ta gyara mini filo ba tare da an sa ta ba,
ta karanta allon da ke ƙafar gadona, ta gyaɗa kai.
Can ta ce, kin rubuta?
Na ce birona ya bushe.
Ta yi dariya, ba mai yawa ba,
ta zaro nata daga aljihu ta miƙo mini.