Ɗakin Girkin Ermelinda

Da kaka Ermelinda ta rasu
ta bar mini gida a Porto, siriri kamar sanda,
hawa uku, taga ɗaya na leƙen kogin Douro,
da ɗakin girkin da ya girmi uwata.

Na ce wa Albano magini:
kabad kawai za a sauya, sai wurin wanke-wanke.
Ya lashi bakin fensir, ya ɗora takarda a gwiwa,
ya rubuta Yuro dubu tara.
Muka tafa.

Ran Litinin guduma ta shiga bango.
Ran Talata bango ya fara tona asiri:
bututun dalma, baƙi ƙirin, yana tsiyaya,
wayoyin wuta cikin rigar yadi
da ɓera ya ci rabinta tun ba a haife ni ba.
Katakon da ke ɗauke da rufi kuwa,
Albano ya soka masa yatsa, yatsa ya nutse.
Ana kukan targaɗe, sai ga karaya.
Dubu tara ta haihu, ta koma sha huɗu,
ba a yi suna ba ta sake ɗaukar ciki.

Sai izini.
Ofishin magajin gari, hawa na biyu, taga ta shida.
Graciete mai tabarau da sarƙa
ba ta ko ɗago kai ba:
"Gidanka a tsohuwar unguwa yake.
Bangon nan ba naka ba ne kai kaɗai.
Kawo zanen injiniya, kwafi uku,
ka biya ɗari biyu da tamanin a ƙasa,
sannan ka jira."

Na jira.
Ruwan Nuwamba ya zo ya tarar da ni ina jira.
Ina dafa kabeji a kan matakala, risho mai baki ɗaya,
ina wanke tukunya a bahon wanka,
tawul ɗina duk ƙarnin kifi.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Dutse kam ga shi nan tsibi a tsakar ɗaki,
murhun ne babu.

Ranar da hatimi ya sauka kan takarda
sufeto ya biyo ta, wani Telmo mai tari.
Ya shafa tayil shuɗaye da na yi niyyar zubarwa,
ya ce, "Ko ɗaya kada a fasa."
Haka na duƙa da buroshin haƙori
ina cire maiƙon shekara saba'in,
sai ga jiragen ruwa, sai ga inabi,
ashe suna nan tun tuni, ƙarƙashin hayaƙi.

Bayan tsohon kabad, a jikin ƙyaure,
wasu layuka na fensir:
Amândio, 1958. Lurdes, 1961.
Uwata ke nan, tsayinta iyakar ƙuguna.
Na zauna kan buhun siminti, na daɗe.

An gama a watan Maris.
Dubu sha bakwai da ɗari uku, har da motar kwasar shara.
Sabon murhu na kamawa ba ashana.
Saura wani tabon hayaƙi can sama, kamar tafin hannu,
daidai inda tukunyar kaka take zama.
Albano ya ɗaga buroshin fenti: "In shafe?"
Na ce masa bar shi.
A duk ɗakin nan, shi kaɗai ne
ban nemi izininsa ba,
ban kuma biya ko sisi ba.