Ƙullin Bahago

Yau kwana arba'in da uku
da teku ta karɓi Kilitas.
Ta dawo mana da jarkar mai
da takalminsa guda, na ƙafar hagu,
ta ajiye su a yashin Puntura
kamar mai biyan bashin saniya da ƙwai.

Filomina, uwarsa, ta daina sa gishiri a miya.
Ta ce wanda ke gidan nan ya isa.

Ni Lazar, shekara hamsin ina su a gaɓar Kerala,
ban taɓa ɗaga wa Ubangiji murya ba
sai daren da masu nema suka kashe injin.
Na tsaya bayan coci, inda muke shanya taru,
na ce: Kai da ka taka ruwa da tafin ƙafarka,
ina ka shiga ranar Talata?
Shiru.
Sai ganyen kwakwa ke ta surutunsa.

Fada Jerom ya zo, bai zo da wa'azi ba.
Shinkafa ya kawo, kilo biyar,
ya zauna a kan kwale-kwalen da muka kife,
muka sha baƙin shayi har sauro ya kore shi.

Abin da ya fi ci mini rai, ba kabari.
Maƙwabta na da inda za su kai kyandir.
Mu sai mu tsaya bakin ruwa
kamar masu jiran baƙo.

Yunwa ba ta san makoki ba.
Ranar Asabar na jawo tsohon taru in ɗinke,
yatsuna na bin igiya, ido na wani wuri,
sai na ji ƙullin da ba nawa ba.
Juyayye ne. Ƙullin bahago.
Sau nawa na buge masa hannu a kansa yana yaro!
Na bi layin, na ƙirga:
ɗari biyu da sha bakwai,
duk inda nawa ya kwance da tsufa
ya bi bayana da dare ya ɗaure,
bai taɓa faɗa mini ba.
Ko ɗaya bai saki ba.

Nan na zauna na yi kukan da na hana kaina.

Da asubar Ista ƙararrawa ta tashe mu.
Na je ne don Filomina kada ta tafi ita kaɗai.
Aka yi maganar matan da suka yi sammako da turare
suka tarar da kabari babu kowa.
Ta matse mini hannu har ƙashi ya amsa.
Ashe ba mu ne farkon waɗanda suka rasa gawa ba.
Ashe akwai rashin da ke ɗauke da albishir a cikinsa
kamar kifi mai ƙwai.

Ban ce na gane ba, ya Yesu.
Har gobe in na tuna Talatar nan
ƙirjina kan yi nauyin anga.
Amma kai ka zaɓi masunta abokan tafiya,
ka san warin hannunmu,
ka san zurfin da igiyata ba ta kaiwa.
Inda yake kwance ba ya ɓace maka.

To, na gode.
Na gode da shekara talatin da ɗaya da ka ba ni aronsa.
Na gode da muguwar muryarsa a ƙungiyar mawaƙa,
da bashin rupi ɗari huɗu da ya tafi bai biya ni ba.
Na gode da ƙulli ɗari biyu da sha bakwai.

Jiya 'yarsa Selin ta tsuguna kusa da ni,
ta ɗauki allurar taru da hannun hagu.
Na buɗe baki zan gyara mata,
sai na rufe.

Da dare na ɗanɗana miya.
Akwai gishiri, kaɗan.