Sallama Kafin Shiga

Ƙarfe ɗaya na dare a Jekadafari,
janaretan maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da batiri, kashi sha tara,
da layuka bakwai masu ruwan ɗorawa
suna hararata daga gindin allo.

Na ce ai gargaɗi ne, ba kuskure ba,
tun da tana tafiya, a bar ta ta tafi.

Manhajar ta Baffa Gidado ce,
ta lissafin masara a Tudun Hatsi.
Da harshen Si na rubuta ta.
Na kira wani aiki a layi na arba'in,
shi kuwa yana can ƙasa, wajen na ɗari biyu,
ban gabatar da shi ba,
ban faɗi abin da zai dawo da shi ba.

Kwamfaila ba ta san gaibu ba.
Daga sama take karatu, layi bi layi.
Ta tarar da baƙo a tsakar gida babu sallama,
ta ce: na ɗauka cikakkiyar lamba ka kawo.
Shi kuwa da ɓari ya zo.

Da hantsi Baffa ya gyara zaman tabarau:
"Buhu uku da rabi, naira biliyan huɗu?
Ashe na yi arziki ba a gaya mini ba.
Ku kira Hajjo ta zo da littafinta."
Masu dako har da riƙe ciki.
Na naɗe wayar caji, ban ce uffan ba.

Ashe layi ɗaya ne maganin:
sunan aikin, abin da yake karɓa,
abin da yake mayarwa,
sai waƙafi mai ruwa.
Na kai shi can sama, kafin kowa ya kira shi.
Sauran shidan na tara su a ƙaramin fayil,
na rataya a bakin ƙofa
kamar jerin sunayen masu adashi.

Na sake haɗawa.
Shiru.
Ban taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba.

Yanzu lissafi na fita daidai har kwabo,
amma Hajjo ba ta ajiye bironta ba,
takan bi bayana tana duba.
Ban ga laifinta ba.
Goggo ma haka take mini in na faɗo ɗaki da gudu:
koma waje.
Ko gidanku ne, yi sallama.